Kada ku tsallake babin bayi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗinki nake yi a Birni, nan Damagaram, kuma tun daren da gidan rediyonku ya fara karanta labarin nan na yarinyar jami'a da ta faɗa tsohuwar rijiya ta farka a zamanin Sarki Tanimun, ban taɓa fashin sauraro ba. Da an idar da isha'i nake kashe keke, ni da ƴan koyona uku mu kewaye rediyo. A filin saƙonni na Juma'ar da ta wuce na ji mai gabatarwa ya ce kuna shawarar taƙaita littafin saboda ƙorafin jama'a. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Masu cewa labarin ya yi tsawo ba zan ja da su ba. Wata na biyar ke nan, har yau ba a ɗaura aure ba, kuma akwai makon da aka cinye shi kaf a kan kishin wata baiwar fada. Wannan ku rage, babu mai kuka. Malamin da ya bugo ya ce komawa zamanin da ya shuɗe ƙarya ce, shi ma gaskiya ya faɗa, sai dai mun girma muna jin gizo yana magana da sarki, ba wanda imaninsa ya girgiza.

Ƙorafi na uku ne ya tsaya mini a rai. Mutane da yawa, har da dattawan da nake ganin girmansu, sun ce a cire inda yarinyar ta ga ana cinikin mutane a kasuwa, da inda aka gane cewa majemin da take so bawa ne, wai tonon silili ne ga garinmu. Edita, don Allah kada ku taɓa wurin nan.

Duk ɗan Damagaram yana alfahari da Tanimun, ni ma haka. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa maƙeran garin nan suka ƙera igwa da hannunsu, ayarin raƙuma yana sauka a Zango ya bi ta Agadas har Tarabulus da fatu da gashin jimina. Baturen nan Barth, da ake kira Abdulkarim, ya sauka garin a ƙarshen 1852 ya tarar da kasuwa tana ci. To amma wa ya ɗebo ƙasar ganuwar? Wa ya noma hatsin da dakaru suka ci? Ayarin da ya ɗauki fata ya ɗauki mutane ma, kuma wannan ba marubuciyar ce ta ƙaga shi ba. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar garinmu ke ɗauke da sunansa, littafi guda ya rubuta a kan Damagaram ta wancan ƙarni. Mai shakka ya je ya tambayi malaman tarihi na can.

Ni ba a takarda na fara jin wannan ba. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da wata waƙar daka da ba mu gane kalmominta, ita ma ba ta gane su. Ta ce a bakin kakarta ta ji, wadda aka kamo tana yarinya daga wani ƙauye da har ta mutu ba ta iya faɗin inda yake ba. A gidanmu ba a zancen. Daren da aka karanta inda majemin ke ce wa yarinyar bai san sunan da uwarsa ta raɗa masa ba, innata, wadda ta haura saba'in, ta tashi ta shige ɗaki. Da safe ita da kanta ta kira jikokinta ta ba su labarin tsohuwar nan, abin da ba ta taɓa yi ba. Gidaje nawa ne a Birni da Zango ke da irin wannan waƙa? Waɗanda ke cewa a rufa asiri su tuna asirin ba na gefe ɗaya ba ne, jikokin wanda ya saya da na wanda aka sayar yau sahu ɗaya suke bi a masallaci, wasu ma sun haɗa jini.

Ba ina cewa littafin ba shi da aibu ba. Marubuciyar ta sa sojan Faransa a ƙofar fada Tanimun yana raye, alhali ya rasu a 1884. Kyaftin Cazemajou na sojan Faransa sai a 1898 ya zo, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a nan aka kashe shi, yaƙin Tirmini kuma, inda Faransawa suka ci dakarun Damagaram, 1899 ne. A wani wurin kuma an sa mai tallan fura tana karɓar dala, lokacin da wuri ake ƙirgawa. Ƴan koyona ba su san bambanci ba, abin da suka ji a rediyo shi za su riƙe. Irin wannan ne ya kamata ku gyara, ko da minti biyar ne a ƙarshen shiri, ku gayyato malamin tarihi ko wani dattijo daga fada ya ware mana tsakuwa daga hatsi.

Ita kuwa marubuciyar, in saƙon nan zai kai gare ta: baiwar Allah, na ji ana ta roƙonki ki mai da majemin ɗan sarki da ya ɓata, don auren ya yi daɗin ji. Kada ki yarda. Ki bar shi yadda yake, da warin jima a hannunsa, mu ga ko yarinyar za ta zauna da shi ko za ta koma rijiyarta.

Roƙona na ƙarshe, ku riƙa maimaita shirin da hantsin Lahadi, don ranar da aka ɗauke wuta batirin rediyonmu ba ya kai mu ƙarshe.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
wata tela daga unguwar Birni, Damagaram