Ashe inuwa ce ke fito da cikin

Aminiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan. Wata uku ko leƙe, amma na yafe miki, don yau labari ne ke cina.

Kin tuna hotunan masu juna biyu da nake turo miki, kina ce mini kamar na fasfo? To, na gano bakin zaren. Ƙanwar mutuniyarmu ta zo ranar Asabar, cikinta mako 32, daidai lokacin da nake so, ciki ya fito sosai amma bai yi nauyin da zai hana ta tsayuwa ba. Na fara yadda na saba, taga a bayana, ita tana kallona. Haske ya zube mata ko'ina, cikin ya ɓace a riga kamar babu. Sai na kashe ƙwan ɗakin, don haskensa ja-ja ne, na taga kuwa fari, in sun haɗu fata sai ta fito kala biyu. Na ce ta fuskanci tagar, ni na koma gefenta. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Haske ya sauka a goshin cikin, ya bi lanƙwasar yana dusashewa a hankali har ya shige duhu wajen ƙugunta. Wannan inuwar da na shekara ina kora da filasha, ita ce ke nuna tudun.

Af, mutumin nan ya dawo da ƙafar kyamarata, dunƙulen sama ya kwance. Ban ce masa uffan ba. Kuma an ce ɗan autanki ya fara tafiya, ni sai a bakin mutane zan ji?

Ina nake? Yauwa. Hasken gefe ba ya rufa asiri. In ya yi kaifi sai ya tono nankarwa da ƙurajen fuska har da yamutsewar riga, mace kuwa a wannan hali tana lura da komai na jikinta. Siririn farin labule na saki a tagar, na matso da ita kusa, don haske in ya yi faɗi kuma yana kusa ya fi laushi. Bangon na bar shi can nesa ya yi duhu da kansa. Ko da fitila haka ne, in kin ninka nisa, kashi 1 cikin 4 na hasken ke saura.

Farar rigarta ta ruɗi kyamara, ta rage haske har fuskar ta yi baƙi ƙirin. Na karɓe saitin da hannu: buɗewar idon kyamara f/2.8, saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, ƙarfin jin haske (ISO) 400. Fata mai duhu sheƙinta ke zana siffarta, shi nake bi a kunci da bayan hannu. Mijin ya riƙe mini farin kwali ta ɓangaren inuwa, kaɗan dai, yadda ƙasan haɓa zai buɗe. Da ya matso da yawa sai hoton ya koma fasfon naki.

Duk minti goma ina zaunar da ita, ƙafafunta sun kumbura. Da na nuna mata hoton da hannunta ɗaya ke saman ciki, ɗaya a ƙasa, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba.

Akwai abin da na zauna in tambaye ki, ya shige mini. Ki dai kira ni, kuma ki turo hoton yaron yana tafiya.

Taki har kullum.