Malam ka taimake ni, gudu da karatu sun haɗa ni da Yayana

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, Allah ya ƙara basira da lafiya. Tun ina sakandare nake jin shirinka, Umma ce ma ta saba mana da shi don duk ranar da ake yi rediyon yana nan gefen tabarmarta, shi ya sa don Allah kar a faɗi sunana ko unguwarmu, duk da na san in ta ji za ta gane ni ne, to amma dai a sakaya.

Jiya da daddare Yayana ya kira ni, wajen minti 40 yana faɗa ban ce komai ba sai "to Yaya, to Yaya", yanzu da nake rubuta maka wannan ƙarfe 3 saura na dare ban runtsa ba kuma ƙarfe 5 da rabi ya kamata a ce ina kan titi don ina da kilomita 18 yau. Abin da ya ce shi ne in zaɓa, ko in kawo masa takalman guduna ya ƙona su a gabana ko kuma in nemi wanda zai ci gaba da biya min kuɗin makaranta. Ƙonawa fa Malam. Wai "gudun me kake yi, wa ya biyo ka?" Har da dariya, ina jin matarsa a gefe ita ma tana dariya.

Bari dai in koma baya don ka fahimta. Ni ɗalibi ne a wata jami'ar gwamnatin tarayya, ba a jiharmu ba, ina karanta bayokemistiri, ajin ƙarshe. Gudun nan ba da shi na taso ba, ko ƙwallo ban iya ba, a unguwa ni ake sawa gola saboda ba mai son ya ɗauke ni. Yajin aikin ASUU na 2022 ne ya jawo komai, wata takwas cur daga Fabrairu har Oktoba muna zaune a gida ina aji ɗaya, ba aikin fari ba na baƙi, abokaina wasu suka koma sayar da data wasu suka koma majalisa tun safe har dare, akwai ma waɗanda suka faɗa shaye-shaye a lokacin kuma har yau ba su dawo daidai ba, wannan Yaya ba ya duba shi. Ni kuma sai na fara bin wani maƙwabcinmu tsohon soja da yake fita motsa jiki bayan asuba. Ranar farko ko kilomita 2 ban kai ba na tsuguna bakin kwata ina haki kamar raina zai fita, dattijon ya tsaya a kaina yana min tsiya. Kafin a janye yajin aikin ina yin kilomita 21 ban tsaya ba, da silifas ɗin roba ma na fara sannan na samu wani kambas na gwanjo a Ƙofar Wambai. Kuma wallahi Malam tun da na fara ban sake makarar asuba ba, ciwon kan da nake fama da shi ya tafi, Umma da kanta ta shaida.

Da aka koma makaranta na haɗu da koci, shi ba ma'aikacin makarantar ba ne, don Allah kawai yake tara mu a filin wasa, mu kamar bakwai. Shi ya duba lokacina ya ce kai ba ɗan motsa jiki ba ne, kai ɗan gudun fanfalaki ne. Mutane suna ɗauka gudun yada ƙanin wani kawai ka sa takalmi ne ka zura da gudu, ba haka ba ne. Tseren kansa kilomita 42 ne da mita 195, kuma kafin ka iya tsayawa a layi sai ka yi wata uku zuwa huɗu kana cinye kilomita 100 zuwa 120 duk sati. Talata muna filin wasa mita 1000 sau goma da ɗan hutu a tsakani, Alhamis gudu mai zafi na minti 40, Lahadi dogon gudu kilomita 30 ko 32, sauran ranakun a hankali amma wani lokacin safe da yamma. In hunturu ne hancinka har jini yake, in zafi ne kuma rigarka ta bushe da farin gishiri. Sannan jikin yana son barci yana son abinci, garau-garau leda biyu nake ci ban ji komai ba, koko da ƙosai na safe kamar na zuba a rijiya, kuɗin watan da Yaya yake turowa kafin 20 ga wata ya ƙare, shi kuma gani yake almubazzaranci nake yi ko budurwa nake kashewa.

To ga lakca ƙarfe 8. Ina dawowa daga gudu 7 da kwata, layin ruwa a hostal, wanka, in ruga aji. Minti 20 na farko lafiya lau, daga nan sai idona ya fara rufewa, in ka buɗe littafina na samistar da ta wuce kusan kowane shafi akwai inda biro ya zarce ya ja dogon layi har ƙasa, wurin da barci ya sace ni ke nan. Firaktikal kuma daga 2 zuwa 5 a tsaye a lab, ƙafafuna suna rawa, akwai ranar da nake ɗiga ruwan sinadari ina jiran launi ya sauya, na lumshe ido kaɗan kawai sai gani na yi kwalbar ta koma ja jawur, 'yan rukuninmu sai da muka sake daga farko, wata a cikinsu ta ce don Allah a daina haɗa ta da ni. Amma duk da haka ina karatu Malam, ba wai ba na yi ba. Abokaina suna kwana a aji har asuba lokacin jarabawa, ni ba zan iya ba saboda ƙarfe 10 dole in kwanta, wannan ne kawai bambancin.

Yanzu ga abin da ya faru. Tseren birnin Legas da ake yi duk shekara tun 2016, yawanci a Fabrairu, shi muka yi wata huɗu muna shiryawa. Ranar Asabar ake yi. Akwai wani lakcara da yake ɗaukarmu kos mai nauyin yunit uku wanda dole sai ka ci shi za ka fita, ya sa mana tes ranar Litinin, na lissafa komai, in tafi Alhamis in yi gudu Asabar in kamo hanya a ranar in iso Lahadi da dare. Ina cikin mota mun wuce Lokoja sai ga saƙo a guruf ɗin WhatsApp na aji, wai an dawo da tes ranar Asabar ƙarfe 8 saboda malam zai yi tafiya. Shi tafiyarsa uzuri ce, tawa ce ba uzuri ba. Me zan yi, in sauka a daji? Na kira kilas ref, wato wakilin ajinmu, ya ce shi ba ruwansa.

Na yi tseren. Daga filin wasa na Surulere aka tashi tun gari bai gama wayewa ba, zafin Legas irin mai danshi nan ne da gumi ba ya bushewa, a kilomita 34 cinyata ta ɗaure sai da na yi tafiya ta kusan minti ɗaya, amma na ƙarasa a awa 2 da minti 41, karo na farko ke nan fa. 'Yan Kenya da Habasha tuni sun sha ruwa sun huta, a cikin 'yan Najeriya kuma yaran Filato ne a gaba kamar kullum. Ban samu ko sisi ba sai lambar wuya. Amma koci ya rungume ni yana cewa da abinci mai kyau da takalmi na gaske zan zubar da minti 15 cikin shekara biyu, in shiga sahun masu karɓar kyautar da ake ware wa 'yan gida.

Ranar Talata na je ofishin lakcaran da takarda daga ofishin wasanni na makaranta, ina ɗingishi don farcen babban yatsana ya cire. Ko karɓar takardar bai yi ba. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce "kai ɗalibi ne ko ɗan tsere? Ba a haɗa gudu da susar katara, ka je Kenya su ba ka digiri." A gaban wasu 'yan aji biyu ya faɗa. Maki 40 na tes da aikin aji suka tafi haka nan, kuma na san ya yi wa wata yarinya tes daga baya saboda bikin yayarta, wannan kowa ya sani a ajinmu. Sai azumi ya shigo, ina fita gudu bayan tarawihi ina dawowa wajen 11, sahur, lakca, jarabawa ta zo a haka. Sakamako ya fito wancan satin, F.

Gaskiya ba shi kaɗai ba ne, akwai wani kos ɗin shi ma na faɗi, shi kuma halartar aji ce ban cika kashi 75 ba don lakcar safiyar Talata ce, ranar filin wasa, aka bar ni na rubuta amma dai ban ci ba. Wannan ba na ɗora wa kowa, sai dai da na farkon bai karya min gwiwa ba da na fi haka ƙoƙari. Kariyoba biyu ke nan, wato kos biyu da sai na maimaita, a ajin ƙarshe, duka na samistar farko, ma'ana sai na ƙara shekara. CGPA ɗina, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, da yake 3.8 a aji ɗaya yanzu 2.9 ne.

Au, na manta ban faɗa maka yadda Yaya ya sani ba. Hoto ne wani ya sa a Facebook, ni a kan titin Legas da lamba a ƙirji, wani abokinsa na kasuwa ya nuna masa bayan wata da watanni. Wai na kunyata gida da gajeren wando, alhali akwai dogon wando mai kama jiki a ciki har ƙasan gwiwa, ko a hoton ana gani. Ban gaya musu zan je Legas ba, wannan haka ne, don na san amsar. Sannan ya tambayi inda na samu kuɗin mota da takalmin da ke ƙafata. To a nan ne Malam. Tun da aka ƙara kuɗin rijista a 2023 yana turo min da ɗan ƙari na littattafai da aikin furojet, daga ciki na ciri dubu 65, takalmi dubu 40 gwanjo ne ma, sauran mota da kwana. Niyyata in mayar in na samu kyauta. Ba sata ba ce tunda ni aka ba wa, kuma takalmin gudu ba ado ba ne, in ya ci kilomita 700 zuwa 800 ya mutu, in ka ci gaba da shi ƙwaurinka ne zai biya, na taɓa yin sati biyar ban taka ba saboda haka.

Yaya mutum ne mai son a ce shi ya yi. Tun rasuwar Baba shi yake riƙe da mu, ban musa ba, ga 'ya'yansa huɗu ga Umma ga ƙannena mata, Allah ya saka masa, amma ko naira ɗari ya ba ka sai duk dangi sun ji. Shi ya bar makaranta ya shiga kasuwa saboda mu, kullum sai ya faɗa, kamar ni na ce ya bari. Da na ce masa zan nemi bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, suna biyan rijista har da dubu 20 duk wata, cewa ya yi ba a gidanmu ba, shi bai mutu ba. Ka ga ke nan ba kuɗin ne matsalarsa ba, so yake linzamin ya zauna a hannunsa. Bai taɓa tambayata ya na ji da na ƙarasa kilomita 42 ba, ko sau ɗaya.

Koci kuma nasa daban. Shi cewa yake tunda dole zan ƙara shekara kuma kos biyu ne kawai, in tattara in tafi Jos ko Pankshin wata uku in zauna da masu gudun can, don Jos tana kan tudu wajen mita 1200, iskar can tana gina jini, 'yan Kenya ma a Iten suke atisaye wajen mita 2400. Ya ce shekarata 24, digiri yana jira ƙafa ba ta jira. In na zauna da shi sai in ji gaskiyarsa ce, in na ji muryar Umma a waya kuma sai jikina ya mutu. Shekaranjiya take ce min ta fara tara min kuɗin jakar da zan tafi bautar ƙasa da ita.

Don abin da ban faɗa ba shi ne, duk wannan faɗan na jiya a kan hoto ne da dubu 65. Yaya bai san da maganar sakamakon ba. Umma ma ba ta sani ba. Su a wurinsu bana zan gama, Yaya har ya gaya wa mutanen layinsu a kasuwa ƙaninsa zai sa kaki.

Tambayata Malam, shin laifi ne mutum ya bi abin da Allah ya ba shi baiwa a kai? Kuma yana da haƙƙin ya ƙona min kaya don shi yake biya? Sannan in na ce masa na daina alhali ina fita a ɓoye, na san ƙarya ce, amma shi ya matsa min ai. Ko dai in ce makarantar ce ta riƙe sakamakonmu, don ana yin haka, in samu in nemi bashin nan in biya shekarar da kaina ba tare da kowa ya ji ba? In kuma faɗar za a yi, wa zan fara gaya wa, Umma ko shi, ko in sa Kawu ya shiga? Umma tana da hawan jini, wannan ma ban faɗa ba. Ranar Juma'a ya ce in zo gida da takalman a hannuna, don Allah in da hali a karanta wasiƙata kafin nan.

Na gode, ɗanka mai sauraro.