Guguwar Milton da batun gargaɗi kan lokaci

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rahotonku kan mahaukaciyar guguwar Milton da ta doshi gaɓar Florida a Amurka, wadda ɗumin teku ya sa ta haura daga mataki na 1 zuwa na 5, wato matakin ƙarfi mafi girma, cikin ƙasa da awa 24. Kun fi maganar iska, alhali ruwan da irinta ke turowa kan tudu ya fi kisa, shi ya sa ake kwashe jama'a tun ba ta iso ba.

Mu Gombe ba teku, amma wallahi duk damina ina ganin kwari na cika ruwa ya faɗa gidaje cikin dare mutane na barci. Don Allah ku riƙa buga hasashen NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da Hausa, a kai wa rediyo da masu unguwanni.

Mai karatunku, daga Gombe.