Wasiƙa daga Jidda kan kofin kurket na duniya na 2027

Jidda, Saudiyya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya Kano, ya kasuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai gumin bakin teku da ka sani.

Saƙonka ya iso. Ka ce tun da ka bar Jidda ka rasa abokin hirar kurket, kowa a majalisarku ƙwallon ƙafa ya sani, kuma kana so ka ji yadda nake ganin ƙasashe kafin gasar kofin duniya ta wasan yini ɗaya, wato wasan da kowace ƙungiya ke bugun oba 50 (oba ɗaya jifa shida ne), da za a yi a Oktoba da Nuwamban 2027. Nan kam maganar ba ta mutuwa. Ran Juma'a da sassafe fegi-fegin da ba a gina ba cike suke da 'yan Pakistan da Indiya da Bangaladesh, ana buga ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif, kuma kowace bufiya, wato ƙaramin gidan abinci, ka shiga musu ake yi. Tun da aka kawo gwanjon 'yan wasan IPL, gasar kurket ta ƙungiyoyin Indiya, nan Jidda a Nuwamban 2024, har yaranmu sun fara haddace sunaye. Sai dai masu musun nan sunaye kawai suke jerawa. Ni shawarata, ka fara da duba ƙasar da za a yi wasan a kanta.

Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya ne masu masauki. Ƙasashe 14, wasanni 54, kuma 44 daga ciki a Afirka ta Kudu za a buga. Rukuni biyu ne, bakwai-bakwai, uku na saman kowane rukuni su wuce zagayen 'yan shida, daga nan kusa da ƙarshe, sai ƙarshe. Abin da mutane ke mantawa shi ne makin da ka samu a kan waɗanda kuka haye tare yana bin ka zuwa zagaye na biyu, don haka kashin da aka ba ka a makon farko yana iya zama shi ne ajalinka bayan wata guda. Afirka ta Kudu da Zimbabuwe sun shiga kai tsaye. Namibiya kuwa, duk da tana cikin masu masauki, sai ta bi ta wasannin share fage. Takwas za su shiga ta jadawalin ICC, hukumar kurket ta duniya, ban da masu masaukin, sauran huɗu su fito daga gasar neman gurbi. Kada ka raina wannan gasa, a cikinta West Indies, mai kofi biyu na 1975 da 1979, ta maƙale ba ta je ta 2023 ba.

Yanzu ƙasar. Johannesburg tana sama da teku da kusan mita 1,750, Centurion ma tudu ce. Iska ba ta da kauri a can, ƙwallon da aka ɗaga sama tana tafiya nesa, dandamalin tsakiyar fili kuma tauri gare shi, ƙwallo tana tashi har ƙirji. A filin Wanderers na Johannesburg ne Ostareliya ta ci maki 434 a 2006, Afirka ta Kudu ta rama da 438 a yini guda. Amma wannan tsallen da ke taimakon mai bugu idan ya zauna, shi ne ke cinye shi a oba goma na farko: wanda ya saba da ƙwallo mai zuwa a gwiwa sai ya miƙa sanda, ƙwallo ta goge gefenta ta faɗa hannun masu jira a baya. Bakin teku daban ne. A Durban da Cape Town idan aka kunna fitilu, sabuwar ƙwallo tana lanƙwasa a iska, kuma ƙungiyar da ta yi bugu daga baya tana shan wuya. A 2003 Ashish Nehra na Indiya ya fitar da 'yan Ingila shida da maki 23 kacal a Durban da dare. Ga kuma hadarin la'asar da ke taso wa yankin Johannesburg daga Oktoba. Ruwa zai yanke wasanni, a koma lissafin DLS, wanda ke duba oba nawa suka rage da mutum nawa aka fitar maka. Ƙungiyar da ta zubar da mutum uku da wuri, ko da tana gudu da sauri, lissafin ba ya yi mata daɗi.

Akwai kuma dokar da ta canza a Yulin 2025, wadda na ga ba a ba ta muhimmanci a hira. Da, ƙwallo biyu sababbi ake amfani da su daga farko har ƙarshe, kowace ta yi oba 25, ba ta tsufa. Yanzu biyun za su yi aiki zuwa oba ta 34, sannan masu jifa su zaɓi ɗaya su ƙarasa da ita. Ƙwallon da ta tsufa tana laushi, ba ta tashi daga sanda kamar da, kuma idan gefe ɗaya ya ƙoƙe ɗaya yana sheƙi, gwanin jifan ƙarfi yana iya sa ta karkata ta inda mai bugu bai zata ba. Ma'ana oba goma na ƙarshe sun ɗan dawo hannun masu jifa. Ka haɗa wannan da dokar cewa mutum ɗaya ba ya wuce oba 10, kenan dole a samu aƙalla masu jifa biyar, kuma mai hankali yana ajiye na shida. Tambayata ga kowace ƙasa ita ce: tana da masu jifan ƙarfi uku na gaske da na huɗu a benci? Kuma wanda ke shigowa na bakwai, ya iya bugu ya iya jifa?

Indiya ce kowa ke ambata da fari, kuma da hujja. A 2023 ta ci wasa goma a jere kafin Ostareliya ta tsayar da ita a Ahmedabad, a wasan ƙarshe, Indiya ta ci 240 kawai, Travis Head na Ostareliya shi kaɗai ya yi 137. A Maris 2025 ta ɗau kofin zakaru, wata gasar ICC ta wasan yini ɗaya, a Dubai ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Amma ka tuna yadda ta ɗauka: wasanninta biyar duk a fili ɗaya, da masu murza ƙwallo, wato masu jifa a hankali ƙwallo tana juyawa, har huɗu, Kuldeep, Varun, Jadeja da Axar. Wannan tsari ba zai yi aiki a Centurion ba. Biyu za a iya sakawa, wani lokaci ɗaya. Nauyin zai koma kan Jasprit Bumrah, wanda bayansa ya sha ba shi matsala, da Siraj da Arshdeep, da kuma Hardik Pandya. Hardik ne ƙashin bayan tsarin, domin shi ne mai jifan ƙarfin da ya iya bugu a na shida ko bakwai. Da ya ji ciwo a idon sawu a Pune a 2023, Indiya ta ƙarasa gasar da masu jifa biyar cif, babu na shida. Ga batun shekaru: Rohit Sharma zai kai 40, Virat Kohli zai cika 39 a Nuwamban gasar, kuma su biyun wasan yini ɗaya kaɗai suke yi wa ƙasa yanzu, wanda ba a yawan bugawa. An miƙa wa Shubman Gill kyaftin a Oktoban 2025 don wannan tafiyar. Duk da haka kada in zalunce su: a 2018 Indiya ta ci Afirka ta Kudu 5 da 1 a gidanta, kuma masu murzawa da wuyan hannu, Kuldeep da Chahal, su ne suka yi ɓarnar. Tsallen ƙasa yana taimakon irin wannan murzawar. Mai murzawa da yatsa ne ke wahala.

Ostareliya kofi shida gare ta, kuma na 2003 a wannan ƙasar ta ɗauka, da 359 a wasan ƙarshe a Wanderers. Filayen gidansu irin waɗannan ne, don haka tsalle ba baƙonsu ba ne. Amma tsakiyar layin bugunsu ta zube a shekara guda: Stoinis, Steve Smith da Maxwell duk sun ajiye wasan yini ɗaya a 2025, Warner ya riga su. Cikin masu jifan ƙarfinsu, Starc zai kai 37, Hazlewood 36, Cummins 34. Idan ukun nan suka iso da lafiya, ga Zampa yana murzawa, ga Head a gaba, ga Cameron Green, ba na son ƙasar da nake goyon baya ta haɗu da su a kusa da ƙarshe. Idan biyu suka faɗi, ƙungiya ce kamar kowace.

Zuciyata tana ga Afirka ta Kudu, kuma ba don Afirka ce kawai ba. Ka ɗauki tambayoyina biyu ka gwada su. Rabada, Ngidi, Nandre Burger, da Marco Jansen mai tsawo fiye da mita biyu, mai jifa da hagu, wanda kuma ya iya bugu a na bakwai. Maharaj yana riƙe tsakiyar wasa. A bugu ga Markram, ga Bavuma, ga Breetzke da ya fara da 150 a wasansa na farko a Lahore, ga Brevis, de Kock ma ya janye ritayarsa. Rashin da ya fi ciwo shi ne Heinrich Klaasen da ya ajiye a Yunin 2025, domin samun mai ragargazar masu murzawa tsakanin oba ta 30 da ta 45 kamarsa abu ne mai wuya. Ciwonsu na gaske ka san shi: faɗuwa a wasan da ake yanke hukunci. A 1992, a kusa da ƙarshe, ruwa ya mayar musu da ƙwallo 13 da suka rage ta koma ɗaya. A 1999 kunnen doki da Ostareliya ya fitar da su. A 2003, a gidansu, a Durban, suka karanta takardar lissafin ruwa ba daidai ba, suka tsaya a makin kunnen doki suna zaton na nasara ne, aka yi waje da su tun a rukuni. 2015 da 2023 duk a kusa da ƙarshe suka tsaya. Abin da ya sa na ce wannan karon daban ne, Yunin 2025 a filin Lord's na Landan sun bi Ostareliya sun ci 282 a wasan ƙarshe na gasar kwana biyar, Markram ya yi 136. Yawancin waɗanda za su buga 2027 sun riga sun ɗanɗana ɗaga kofi.

Niyu Zilan ba ta cika baki, amma ta je wasan ƙarshe a 2015 da 2019, ta kuma je na kofin zakaru a Dubai a 2025 bayan ta ɗora wa Afirka ta Kudu 362 a Lahore. Rachin Ravindra da Daryl Mitchell sun iya gina maki, Santner ya iya matse wasa, kuma ba su cika yar da ƙwallon da ta zo hannu ba. Raunin shi ne ƙarancin mutane: Matt Henry ya ji ciwo a kafaɗa bai buga wasan ƙarshen Dubai ba, nan take aka ga giɓin.

Pakistan, abokanmu na nan ba sa son a faɗa, amma ba a gina lissafi a kanta. A ƙarshen 2024 ta ci Ostareliya 2 da 1 a can, ta zo ta share Afirka ta Kudu 3 da babu a gidanta, Saim Ayub ya yi ɗari sau biyu. Bayan wata biyu aka fitar da ita a rukuni a kofin zakaru, gasar da ita ce mai masauki. Shaheen, Naseem da Haris Rauf sun dace da filayen nan sosai. Matsalar tana oba ta 11 zuwa ta 40, lokacin da mutum huɗu kaɗai aka yarda su tsaya wajen da'ira, akwai sarari ko'ina, amma masu bugunsu sukan bar ƙwallo da yawa ta wuce ba maki. Ga yawan canza kyaftin da koci.

Ingila ta ƙare ta bakwai a 2023, ta sha kashi a wasanni ukun da ta buga a kofin zakaru na 2025, Buttler ya sauka aka ba Harry Brook. Dalilin a fili yake: gasar oba hamsin ta cikin gidansu tana cin karo da The Hundred, wata gasar gajeren wasa, manyan 'yan wasa ba sa buga ta, sai su zo suna bugun oba ashirin a wasan oba hamsin, a gama da su a ta 38. Ranar da abin ya yi musu kuwa sukan ci 414, kamar yadda suka yi wa Afirka ta Kudu a Southampton. Afganistan ta ci wasa huɗu a 2023, amma ƙarfinta murzawa ne, Rashid da Noor, don haka Omarzai da Farooqi ne za su nuna ko za ta haye rukuni.

Idan ka matsa mini, huɗun ƙarshe a wurina su ne Afirka ta Kudu, Indiya, Ostareliya da Niyu Zilan, kofi kuma na ba masu gida, muddin Rabada da Jansen sun kai Nuwamba ƙalau. Kafin lokacin, duk wasan da aka buga a Afirka ta Kudu ko Ostareliya ka bi shi, ka riƙa duba maki nawa aka ci da mutum nawa aka fitar a oba goma na farko. Agogon Afirka ta Kudu yana gaban naku da awa ɗaya, yana bayan namu da awa ɗaya, wasa kuma yakan ci kusan awa takwas, sai ka san yadda za ka yi da shago.

Ka gaishe da mai ɗaki da yara, ka isar mini da gaisuwa wurin su Baba, a sa mu a addu'a. Ina jiran naka huɗun.

Wassalam,
Amininka na Jidda