Takardar Koke Kan Jinkirin Tabbatar Da Ma'aikata Masu Zaman Gwaji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ne ƙananan ma'aikatan sassan lafiya, ayyuka da mulki waɗanda har yau ake kira masu zaman gwaji. Mun kai kuka ga shugabannin sassanmu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kullum amsar ita ce mu ƙara haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa muka zo gabanka kai tsaye.

Takardar kama aikin da aka ba kowannenmu ta ce gwajin na shekara biyu ne. Yau wasunmu suna cikin ta huɗu. Ba a ce mun gaza ba, ba a ba mu takardar tuhuma ba, ba a kuma rubuto cewa an ƙara mana wa'adi ba. Ɗaya daga cikinmu ya samu an buɗe masa fayil ɗinsa a rajista, sai ga fom ɗin tantance aikinsa na shekarar farko yana nan yadda aka saka shi, gurbin sa hannun shugaban sashe fari fat. Ashe ba a ma fara duba shi ba.

Ba mu ƙi gwaji ba, ranka ya daɗe. Dukiyar jama'a ce ake biyanmu da ita, dole a ga kamun ludayin mutum kafin a damƙa masa amana. Amma ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a Yarjejeniyarta ta 158 ta shekarar 1982, da ta yarda a ware mai zaman gwaji daga wasu kariyoyin sallama, sai da ta gindaya sharaɗi: a yanke tsawon lokacin tun farko, kuma kada ya wuce ƙima. Namu an yanke shi, ya cika, an bar mu a rataye.

Ga abin da ratayar take jawowa. Ba a sa sunan wanda ba a tabbatar ba cikin masu ƙarin girma, ba ya samun hutun ƙaro karatu, in ya nemi rance a banki takardar tabbatarwa ake fara tambayarsa. Wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, wadda ta sha kwanan asibiti ita kaɗai a kan masu naƙuda, ta dawo daga hutun haihuwa aka ce mata lissafin gwajinta ya koma farko. Da baki aka faɗa mata, a tsaye, a bakin ƙofar ofis. Ta nemi a rubuta mata, aka ce ta tuna matsayinta. Wannan kalma ita ta fi ci mana rai, domin da ita ake rufe bakin duk wanda ya tambayi alawus ɗinsa ko ya halarci taron ƙungiya, alhali Yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1948, ta ba ma'aikata 'yancin shiga ƙungiya ba tare da wani bambanci ba.

Roƙonmu shi ne ka umarci sashen kula da ma'aikata ya fito da fayilolin duk waɗanda wa'adinsu ya cika, a cike fom ɗin da aka bari, a miƙa wa hukumar da ke da alhakin tabbatarwa cikin lokacin da za ka yanke. Wanda ya cancanta a ba shi takardarsa, a lissafa masa daga ranar da gwajinsa ya ƙare, kada sakacin wani ya ci masa shekarun ƙarin girma. Wanda aka ga yana da rauni a gaya masa a rubuce, a saurari ta bakinsa kafin a yanke hukunci. Muna kuma roƙon a sake duba batun 'yar'uwarmu, kuma kada a tsangwami kowa saboda ya sa hannu a wannan takarda.

Mun haɗo kwafin takardun kama aikinmu, kuma a shirye muke mu bayyana gabanka duk ranar da ka kira mu.

Allah ya taya ka riƙo.

Mu ne naku,
Ma'aikata masu zaman gwaji na ƙaramar hukuma