Don Allah ku riƙa karanto mana sakamakon lig ɗin mata

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara taimako. Ni mai sauraronku ce ta yau da gobe daga nan Lafiya jihar Nasarawa, malamar firamare ce, kuma shirinku na wasanni ba ya wuce ni sai dai in waya ta mutu babu caji. Na daɗe ina son rubuto muku wannan saƙon ina ta ja da baya, to abin da na ji a shirinku bayan 'yan Super Falcons, tawagar matan Najeriya, sun ɗauko kofin Afirka shi ya sa na ce yau kam sai na amayar da abin da ke raina.

Daren 26 ga watan Yuli 2025 ba zan manta shi ba. Mun tada janareta mun cika falo har da yaran maƙwabta, kafin a tafi hutun rabin lokaci Maroko ta zuba mana biyu a Rabat, gaban mutanenta, maigida har ya ce a kashe a huta da asarar mai, 'yata ta fari ce ta riƙe shi tana roƙo don Allah Baba a bari a gama. Aka dawo Esther Okoronkwo ta ci fenareti, Folashade Ijamilusi ta farke, can dab da tashi Jennifer Echegini ta saka ta uku, wallahi ihun da aka yi a unguwarmu sai ka ɗauka Sallah ce ta zo. Kofi na 10 ke nan. Washegari shirinku kusan gaba ɗaya a kansu kuka yi shi, kun yaba wa koci Justine Madugu, kun yaba wa kyaftin Rasheedat Ajibade da ta zama gwarzuwar gasar, daga baya kuma kuka kawo labarin kyautar da shugaban ƙasa Tinubu ya sanar, dala dubu 100 kowacce 'yar wasa da gida da lambar girma. Na ji daɗi sosai, ba ƙarya. Amma ina sauraro zuciyata tana tambaya ta, to daga watan Janairu zuwa Mayu da ake buga lig ɗin mata a cikin ƙasar nan ina kuka shiga?

Domin an yi kaka guda cur Malam, kakar 2024/2025 ta NWFL, wato lig ɗin mata na Najeriya, ƙungiyoyi 16 aka raba gida biyu, takwas-takwas, kowa ya je gidan kowa, sannan uku na saman kowane rukuni suka haɗu a zagayen ƙarshe da ake ce wa Super Six, wanda aka yi a Ikenne jihar Ogun a watan Mayu, kuma Bayelsa Queens ce ta ɗaga kofin. Tamu Nasarawa Amazons tana cikin shidan nan da suka je. Duk tsawon watannin nan ni dai kunnena bai ji kun karanto sakamakon wasa ko ɗaya ba, alhali ana ba mu labarin wanda ya ji rauni a atisaye a Landan da wanda matarsa ta haihu a Madrid. Ba wai ina ƙin firimiyar Ingila ba ce, gidanmu ma ana kallo, kuma na san ita ce ke tara muku masu sauraro, amma a ce a cikin rabin awa babu ko minti uku na 'ya'yanmu da ke buga ƙwallo a bayan gidanmu, wannan kam ya yi min ciwo.

Bari in ba ka labarin yadda abin yake a fili, ko ka ga abin da ya sa na damu. Wasannin galibi ranar Laraba ake yin su da la'asar, ni kuma in na tashi daga makaranta na yi girki na yi sallah sai in ja 'yata da ƙawarta mu hau keke napep zuwa filin wasa na cikin gari. Wata Laraba a cikin zafin nan na Maris muka je, rana kamar za ta fasa kai, mai fiyawata ya fi kowa ciniki. 'Yan kallo ba su da yawa, har kana jin muryar koci rangaɗau yana kiran sunan 'yar baya ta koma wurinta, kana jin ƙarar takalmi in ya haɗu da ƙwallo, kana jin gola tana yi wa 'yan bayanta tsawa. Akwai wata 'yar gefe da ta ja ƙwallo ta yanke mutum biyu ta kwaso kuros, 'yata ta miƙe tsaye ba ta ma san ta miƙe ba, ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Da aka tashi muna fita muka ga 'yan ƙungiyar baƙi suna loda jakunkunansu a bas, wata ta ɗaure ƙanƙara a gwiwa da leda tana ɗingishi, kuma hanyar da za su bi su koma gida ba ƙarama ba ce. A keke muna dawowa yarinyar nan ta ce min Mama gobe za a faɗa a rediyo ko? Na ce mata mu saurara mu ji. Muka saurara tun daga farko har ƙarshe ba a faɗa ba, ta tashi ta shige ɗaki ba ta ce komai ba.

Kuma fa Amazons ɗin nan ba ƙaramar ƙungiya ba ce da za a ce ba a san da ita ba. Sau biyu tana cin lig ɗin ƙasar nan, a 2013 da 2017. Ko a 2025 bayan Super Six ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Legas, Rivers Angels ce ta doke ta a bugun fenareti. Mu nan mun ji zafin wannan rashin har cikin ƙashi, amma a waya muka tsinci labarin, ana turo mana guntun bidiyo a WhatsApp, da Turanci kuma, to tsohuwar da ke ƙauye wadda jikarta ke cikin tawagar wa zai faɗa mata da harshen da take ji in ba ku ba?

Abin da mutane ba sa lura da shi, waɗannan taurarin da muka yi wa ihu a watan Yuli a wannan lig ɗin da ake rainawa da yawansu suka koyi sana'ar. Asisat Oshoala da ta zama gwarzuwar Afirka har sau 6, daga FC Robo ta Legas ta taso ta wuce Rivers Angels kafin Turai ta san ta. Ita ma Rasheedat Ajibade 'yar FC Robo ce. Chiamaka Nnadozie golar da duk duniya ke magana a kanta, ragar Rivers Angels ta tsare kafin ta tafi Paris FC a 2020. Halimatu Ayinde haifaffiyar Kaduna, sai da ta buga wa Delta Queens sannan ta fita waje. Ijamilusi ɗin da ta farke mana ƙwallo a Rabat ma ta saka rigar Edo Queens. Wanda duk ya yi murnar girbi ai ya kamata ya leƙa gonar tun da damina.

Ko a matakin nahiya ma ƙungiyoyin nan suna fitar da mu kunya. Tun da hukumar ƙwallon Afirka CAF ta fara gasar zakarun kulob-kulob ta mata a 2021 a Masar, Rivers Angels ta je, Bayelsa Queens ta zo ta uku a 2022, ita kuma Edo Queens da ta ci lig karon farko a tarihinta a kakar 2023/2024, ta je Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin TP Mazembe ta Kwango ta fitar da ita.

Na san abin da wasu za su ce, don ni ma an sha faɗa min a gaban idona, wai ƙwallon mata ba tarbiyyarmu ba ce, ga maganar sutura ga yawon gari-gari. Ba na raina wannan damuwar, ni ma uwa ce kuma musulma, kuma akwai iyayen ɗalibaina da suka ce ba su yarda 'ya'yansu su buga ba, ban taɓa ja da su ba don kowa ya fi sanin gidansa. Amma a san cewa tun 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta amince mace ta rufe kanta ta shiga fili, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2023 duk mun ga Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta. A makarantarmu da dogon wando da ɗankwali yaran suke bugawa lokacin motsa jiki, kuma akwai wata 'yar aji biyar da in ta ɗauki ƙwallo maza ma sai sun taru suke ƙwace ta. Irin wannan muhawarar ma ai a shirinku ya kamata a yi ta, ku gayyato malamai da iyaye da tsofaffin 'yan wasa kowa ya faɗi nasa cikin mutunci, ya fi a yi shiru kamar babu abin.

Wani abin da ke damuna kuma, in ka duba jerin ƙungiyoyin kakar 2024/2025 za ka ga kudu ta kwashe kusan duka, Fatakwal, Yenagoa, Benin, Asaba, Legas, Ikenne. Mu nan arewa sai 'yan tsiraru irin su Amazons, da Adamawa Queens ta Yola da ta daɗe tana fafatawa, da Confluence Queens ta Lokoja da Naija Ratels ta Abuja. Daga Kano, Katsina, Sakkwato, Zamfara, Kebbi, Jigawa ban ga ko ɗaya a babban rukunin ba, Kano fa da take da Pillars da dubban 'yan kallon da ke cika filin Sani Abacha. Yawancin kulob ɗin nan na gwamnatocin jihohi ne, kuma gwamna ba ya zuba kuɗi a abin da bai ji jama'a na magana a kai ba, ɗan kasuwa ma haka, ba zai manna sunan kamfaninsa a rigar da babu mai gani ba. In rediyo ta yi shiru jama'a za su yi shiru, in jama'a suka yi shiru albashin yaran nan ba zai taɓa gyaruwa ba, sai kowacce ta riƙa neman hanyar tsallakewa ko da kulob ɗin da bai kai nata ba ne.

Don haka roƙona ba mai yawa ba ne Malam Edita. In sabuwar kaka ta fara, duk ranar Alhamis ku ware minti biyar ku karanto sakamakon wasannin Laraba, ku faɗi yadda tebur yake, wa ke sama wa ke neman faɗuwa, wa ta fi zura ƙwallo. Hukumar lig ɗin tana saka sakamakon a shafukanta na Facebook da X, ɗauka kawai za ku yi ku mayar da Hausa. In kuma kuna da wakili a Lafiya ko Yola ku tura shi fili ko sau ɗaya a wata ya naɗo mana muryar koci da ta 'yan wasa, akwai masu jin Hausa a cikinsu sosai. In babu wakili ni da kaina zan riƙa turo muku saƙon murya daga fili da datata, ba na neman ko sisi, 'yata ma ta ce ita za ta riƙa rubuta minti nawa aka ci kowace ƙwallo a bayan littafinta.

Ku gaida min masu gabatar da shirin duka, Allah ya bar zumunci.

Taku mai sauraro,
wata malamar firamare daga Lafiya, jihar Nasarawa.