Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni ko gwamnati tana jin magana ba tare da an ƙona taya ba

Assalamu alaikum. A shirin rediyo na ranar Asabar ka bugo waya ka tambaye ni, kowa yana ji, ko na taɓa ganin gwamnatin da ta saurari talakawa ba tare da an ƙona taya an fasa shaguna ba. Lokaci ya ƙure kafin in amsa maka, kuma tambayar ba ta bar ni na yi barci mai daɗi ba, domin na ji yunwa da takaici a muryarka.

Na gani, ƙanena. A watan Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140, ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki, bayan kimanin mako guda aka dawo da ita naira 97. An rasa rayuka a wasu wurare, kuma ba duk abin da aka nema aka samu ba, amma abin da ya karya ƙashin bayan gwamnati shi ne rufewar bankuna da kasuwanni da filayen jiragen sama, tare da barazanar ma'aikatan mai cewa za su tsayar da haƙowa. Ina cikin waɗanda suka fito a nan Kaduna, kuma har yau ina tuna wata dattijuwa mai sayar da kunun zaƙi da ta sauke bokitinta tana shayar da mu kyauta.

Wasu masana biyu a Amurka, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bibiyi gwagwarmaya 323 daga 1900 zuwa 2006, suka gano cewa kashi 53 cikin ɗari na waɗanda aka yi cikin lumana sun cimma burinsu, na makami kuwa kashi 26 ne kawai. Dalilin a fili yake. Inda ba a jifa, tsohuwa irin waccan tana iya fitowa, haka limami da fasto da ma'aikacin gwamnati, kuma sojan da ya hango irin mahaifiyarsa a cikin taro hannunsa yakan yi nauyi. Haka aka kori shugaba Markos daga ƙasar Filifin a 1986, haka kuma zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja a Khartum ya kawo ƙarshen shekara talatin na Umar al-Bashir a Afrilun 2019.

Ba zan ɓoye maka ba, lumana tana shan kashi. An murƙushe ɗalibai a dandalin Tiyananmen na ƙasar Sin a 1989, a Khartum ɗin ma an buɗe wa masu zaman wuta ranar 3 ga Yunin 2019. Aljeriya da bindiga ta kori Faransa tsakanin 1954 da 1962, Mandela kuma ya rungumi makami bayan an harbe mutum 69 a Shafbil ta Afirka ta Kudu a 1960.

Sai dai su sun san wanda suke yaƙa, mu kuwa a garin nan idan wuta ta tashi ba ta isa gidan mai mulki, maƙwabci take ci. Rikicin Fabrairun 2000 da jerin gwano ya fara, ya ƙare da gawarwaki da raba Kaduna gida biyu, kogi a tsakani. Telan da yake ɗinka wa 'ya'yana kayan sallah a Tudun Wada ya ɗora kekensa a kan kura ya haye Sabon Tasha, ban sake ganinsa a unguwar ba. A Agustan 2024 ma, da ɓata-gari suka shiga zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, maganar farashin masara ta ɓace, aka koma zancen tutar Rasha da wasu suka ɗaga, daga baya muka ga ƙananan yaran da aka kama suna faɗuwa a gaban alƙali a Abuja.

Saboda haka idan za ku sake fitowa, ku fara zama da shugabannin kasuwa da ƙungiyar masu Keke Napep da malaman makaranta na ɓangarorin kogin biyu, ku rubuta buƙatunku a takarda, ku naɗa masu tsare layi da za su karɓe dutse daga hannun duk yaron da ya ɗauka. Idan kun yi haka ku aiko mini da rana da wurin haɗuwa, zan zo in sha Allahu.

Naka, yayanka a Tudun Wada, Kaduna.